Albarushi da Dalma: Tarihin Masu Ɗura Bindiga a Birnin Kano

Duk wanda ya tashi a Soron Ɗinki ya san ƙarar bindigar fada tun kafin ya san kamanninta. Unguwa ce da aka sani da allura da zare, amma da yake ba ta da nisa da Gidan Rumfa, ranar Hawan Sallah ko Hawan Daushe in 'yan bindiga suka saki wuta, har ƙuryar ɗaki ake jin ta, tantabaru su watse, yara su ruga bakin hanya. Hayaƙi ake gani, da mutum riƙe da doguwar bindiga. Ba kowa ke tuna aikin da aka yi kafin wannan ƙara ba: wani ne ya ƙera bindigar, wani ya kawo albarushi, wani kuma ya auna ya ɗura. Waɗannan mutane su ne ƙashin bayan tarihin bindiga a Kano, ko da yake ba kasafai sunansu ke fitowa a littafi ba.

A Amurka, ɗura harsashi abin sha'awa ne da wasu ke yi a lokacin hutu. Mutum ya ware tebur a gidansa, ya kafa ɗan injin matsawa da sikeli, ya tara kwanson harsashin da ya harba ya sake cika shi. Akwai kamfanonin da kayan wannan aiki kaɗai suke ƙerawa, irin su RCBS da aka kafa a 1943. A ƙasar Hausa kuwa ba a taɓa ɗaukar abin a matsayin wasa ba. Yaƙi ne, sarauta ce, neman abinci ne, kuma a kan buzu ko tabarma ake yin sa.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci ya buga a 1908, ya fara ambaton bindiga ne a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438. A lokacin ne wani basarake daga Borno, Dagaci, ya zo da jama'arsa da tambura da tutoci da bindigogi, aka sauke shi a Ɗorayi. Masana da dama na ganin wannan zamani ya yi wuri ƙwarai a ce an ga bindiga a nan. Abin da ya fi tabbata shi ne na ƙarni na 16, sa'ad da Mai Idris Alooma na Borno ya samo Turkawa masu harbi, ya kuma sa aka horar da bayinsa, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. A Kano, littafin ya sake kawo zancen bindiga a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, lokacin da aka fara shigo da garkuwoyi daga Nupe. Sai Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, wanda shi ne sarki na farko da ya kafa 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Wato 'yan bindigar da muke kallo a hawa yau sun gaji aikin da ya kai kimanin shekara 250.

Duk da haka, bindiga ta daɗe ba ta zama makamin da ke raba gardama ba. Da baka da kibiya mutanen Shehu Usmanu suka ci Gobirawa a Tabkin Kwatto a 1804. Bature matafiyi Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a fagen fama a 1826, bindigogi 'yan kaɗan ya ƙirga cikin dubban mayaƙa. Ba tsadar bindigar kaɗai ta jawo haka ba. Bindiga kamar doki take, sayenta ba wuya, ci da ita ne aiki. Sai da albarushi, sai da dalma, sai da ƙanƙarar da ke ba da wuta, sai kuma wanda zai gyara ta in ta lalace. Yawancin waɗannan kaya daga nesa suke zuwa: wasu a bayan raƙuma daga Tarabulus ta Agadas, wasu daga bakin teku ta ƙasar Yarbawa da Nupe. Doguwar bindigar da Turawa suka laƙaba wa sunan mutanen Danmak, saboda cinikinta da suka yi a gaɓar Ankara, wato Accra, akasarinta a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ake ƙera ta, kuma ba mai kyau ake aiko wa Afirka ba.

Sai mutum ya ga yadda ake ɗura irin wannan bindiga zai gane abin da ya sa maharbin baka ya daɗe yana raina ta. Mai ita zai tsayar da gindinta a ƙasa, bakinta na kallon sama, ya kawar da fuskarsa gefe. Ya ciro ƙahon albarushi daga burgami, ya zazzaga a tafin hannu, ya juye. Ya tura ɗan tsumma, ya bi shi da sandar ɗuri yana dannawa, sannan dalma, sannan wani tsumman. Babu sikeli, babu awo a rubuce. Da yatsu yake gwada tsawon abin da ya rage na sandar a waje, ya san ko ɗurin ya yi. Kafin ya gama, mai baka ya saki kibau da yawa, mai doki kuma ya iso kansa. In damina ce albarushi ya sha raɓa, sai a ja kunama a ji shiru. In kuwa hannu ya zarce wajen awo, bindigar ta fashe a hannun mai ita. Wannan sani ba ya shiga kai da baki, sai an zauna kusa da wanda ya iya, shekara da shekaru.

Su wa aka damƙa wa wannan aiki? Bayin sarki. Barade da 'ya'yan sarauta doki da takobi da mashi suka ɗauka abin alfahari. Tsayawa a ƙasa cikin hayaƙi ba aikinsu ba ne. Sarakuna kuma sun ga amfanin hakan, domin makamin da ke iya kayar da mai sulke gara ya zauna a hannun wanda ba ya neman gadon sarauta. Joseph Smaldone, a littafinsa kan yaƙi a Daular Sakkwato da ya fito a 1977, ya nuna yadda yawaitar bindiga a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ta ƙara wa sarakuna ƙarfi a kan hakimansu. Sean Stilwell kuma ya bi tarihin manyan bayin fadar Kano, su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, ya nuna irin ikon da suka samu. A ganina sirrin a fili yake: duk wanda ke riƙe da makullin ɗakin albarushi, ba a yanke shawarar yaƙi ba tare da shi ba.

Bayan bawan sarki akwai wani mutum da aka fi mantawa da shi, wato maƙeri. A cikin birni har yau akwai Lokon Maƙera, kuma maƙeran Kano sun kasu biyu: maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Philip Jaggar ya zauna da su a farkon shekarun 1970, daga baya ya rubuta littafi a kansu, inda ya bayyana yadda Sarkin Maƙera ke tara su in fada na da aiki. Wanda ya taɓa leƙa maƙera ya san ba a cika ta da kaya. Uwar maƙera a kafe a ƙasa, yaro a gefe yana buga zugazugi, gawayi na ja, ga masaba, ga awartaki, ga magagari. Maƙerin a zaune yake, kome na inda hannunsa zai kai ba tare da ya tashi ba. A nan ake ƙera fartanya da lauje da linzami da likkafa, a nan kuma ake kawo bindigar da kunamarta ta karye ko ƙotarta ta tsage. Bindigar da Bature ya yi don ta yi 'yan shekaru, a hannun waɗannan mutane sai ta kai jika.

Maƙwabta sun riga Kano nisa a wannan fanni, kuma Kanawa sun ɗanɗana kuɗarsu. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa maƙeransa sun zuba igwa a Zinder, ana kuma haɗa albarushi a can gida. Da wannan gado ne Ahmadu Kuran Daga ya matsa wa ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890, har aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. A gabas, Rabe ya ci Borno a 1893 da rundunar da bindiga ce ƙarfinta. Can yamma kuwa, maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigogin Faransa masu ɗurin baya, mutanensa na bin fagen fama suna tsince kwanson harsashi don a sake cikawa. Dole ce ta sa, domin yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta hana sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani da harsashinsu. Tsohuwar mai ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai aka bari su shigo. Masu shirin cin ƙasa sun san abin da suke yi.

Sarkin Kano Alu, wanda ya hau gado a 1894 cikin Yaƙin Basasar Kano, ana kiransa Mai Sango. Sango wani mashi ne da maharba ke ɗurawa a bindiga don harbin giwa, kuma laƙabin ya isa ya nuna yadda mutanen zamaninsa suka haɗa shi da makamin wuta. Sai dai lokaci ya riga ya ƙure. Ranar 3 ga Fabrairu 1903, Kanar Morland na Turawan Ingila ya iso ganuwar Kano da sojoji sama da 700, da igwa 4 da bindigogin Maxim 4. Sarki na hanyar Sakkwato da yawancin dawakinsa. Waɗanda aka bar wa gari, cikinsu har da Sallama Jatau da Sarkin Shanu, sun tsaya, amma mai ɗura bindiga ta baki ba shi da ta yi a gaban wadda ke zubo ɗaruruwan harsashi a minti guda. Kafin watan ya ƙare, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a yaƙin Kwatarkwashi.

Daga nan bindigar toka ta bar fagen yaƙi, ta rabu gida biyu. Ɗaya ta zauna a fada tana yi wa sarki rakiya, albarushi kawai ba dalma. Ɗaya ta bi mafarauta daji, ta kuma zauna a gona tana korar birai da gyado. Maƙera suka koma ƙera ta da kansu, da bututun ƙarfen da zamani ya kawo, har aka yi mata suna harba-ka-ruga. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta san da zamanta: ta ware bindigogi masu ɗurin baki a rukuninsu, ta ba hukuma ikon hana riƙe su sai da lasisi, ƙerawa da gyara ma sai da izinin hukuma. Mafarauci nawa ne a ƙauye ya taɓa ganin wannan takarda da idonsa?

Wannan giɓi tsakanin doka da abin da ke ƙasa ya jawo asara mai yawa. A Nuwamba 2014, mafarauta da 'yan banga na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, aka yi ta yaba musu. A ƙarshen Maris 2025 kuwa, a Uromi ta jihar Edo, an tare motar da ta ɗauko mafarauta daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah, aka ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka kashe mutum 16. Yawancinsu 'yan Bunkure ne. Babu abin da zai wanke waɗanda suka yi wannan ta'asa. Gaskiya ce kuma cewa akwai ɓata-garin da ke ƙera wa 'yan fashin daji makamai, kuma waɗannan hukunci ya dace da su, ba sassauci ba. Amma muddin hukuma ba ta da sahihiyar rajistar da za ta bambance mafarauci na gado da ɗan ta'adda, mai gaskiya ne zai ci gaba da biyan bashin da bai ci ba.

A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Doki da alkyabba da algaita za su sami masu ɗaukar hoto, ba su da matsala. Dattijon da ya san sunan kowane ɓangare na bindigar fada, da wanda ya gaji gyaranta daga kakansa, su ne ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kira nake ga Gidan Makama da sashen tarihi na Jami'ar Bayero da ita kanta masarauta: a je Lokon Maƙera, a zauna da 'yan bindigar sarki da sarakunan farauta, a naɗi bakinsu tun suna raye. Gwamnatin jiha da rundunar 'yan sanda kuma su kai rajistar lasisi har ƙananan hukumomi, ta hannun hakimai da dagatai, yadda mafaraucin Bunkure zai same ta ba sai ya sayar da akuyarsa ba.