Sarkin Samari da Rundunarsa: Tashi da Faɗuwar Samariya a Nijar

A shekarar 1960, lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai biyar cikin ɗari ba. Sauran kuwa, in an tashi daga makarantar allo, sai gona da kiwo da kasuwa. Amma ba kara zube suka tashi ba. A garuruwan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Arewa akwai ƙungiyar da ke karɓar yaro tun ya fara tasawa, ta riƙe shi har ya yi aure ya zama magidanci. Tana da shugabanni da dokoki, tana da aiki da wasa, tana kuma da horo ga wanda ya kauce. Ita ce samariya.

Jagoranta shi ne Sarkin Samari. Samari ne ke nuna wanda suke so, mai gari ya naɗa masa rawani a bainar jama'a, makaɗa su yi masa take. Daga nan shi ma sai ya naɗa nasa fadawan: Waziri, Galadima, Alƙali, har da dogarai. 'Yan mata ma suna da tasu shugaba, wadda a ƙasar Zazzau ake kira Mama. Irin wannan duniyar samari da 'yan mata ce Baba ta Karo ta tashi a cikinta, dattijuwar nan da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Ke nan al'adar ta game ƙasar Hausa, ba ruwanta da iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata.

Babban aikin samariya shi ne gayya. Idan damina ta yi nisa, ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya kai wa Sarkin Samari goro, a sa rana. Da sassafe samari za su jeru a bakin gona, kowa da fartanyarsa, gangar noma na bin su a baya, maroƙi na yi wa kowa kirari da sunan ubansa. 'Yan mata su iso da fura da ruwa, su tsaya daga gefe suna guɗa. Wanda ya fara kai kunyarsa ƙarshe, sunansa zai kwana a bakin mutanen gari. Wanda ya yi lalaci, da shi za a yi waƙar dandali a daren nan. Gonar da za ta ci wa mutum ɗaya mako biyu, sai a gama da ita kafin la'asar. Haka ake yi wa gonar mai gari da ta liman, da ta tsohon da ba shi da ɗa, da ta surukin ɗaya daga cikinsu. Da rani kuma su ne masu yasar rijiya, da yaɓen masallaci, da share hanya, da haƙa kabari, da kashe gobara.

Dare na dandali ne. Can ake gaɗa da langa da kokawa, can saurayi ke koyon yadda ake magana da budurwa a gaban idon jama'a. In rigima ta tashi, ba a kai ta gaban manya sai ta gagari Alƙalin samari. Tararsa ba ta wuce goro ko 'yan kuɗi kaɗan ba, amma akwai horon da kowa ke tsoro: a ƙaurace wa mutum, ranar aurensa ba mai kaɗa masa ganga, ba mai raka shi.

Bayan kaka sai wasannin da suka fi kowanne armashi. A arewacin Nijeriya kalankuwa ce, a Damagaram wasan kara. Samari kan raba wa kansu muƙaman masu mulki, wannan Gwamna, wancan Likita, wani Alƙali, su ƙera bindigogi da tabarau da sauran kayan iko da karan dawa, su kwaikwayi tafiyar manya da maganarsu, manyan na zaune suna kallo suna dariya. Yaron da ya yi shari'ar wasa a gaban gari duka ya riga ya ɗanɗana nauyin yanke hukunci, ya kuma gane cewa ana lura da halin mai mulki.

Tsarin yana da nasa raunin. Rawanin Sarkin Samari daga hannun mai gari yake fitowa, don haka ba kasafai yake iya ce masa a'a ba. 'Yan mata kuma ba sa daɗewa a ciki, aure kan ɗauke su da wuri. Duk da haka samariya ta riƙe wani abu mai wuyar samu: gari yana buƙatar aikin matasa da gaske, kuma su da kansu suke tsara yadda za su yi shi.

'Yan siyasa ba su daɗe ba suka gane darajar wannan runduna. A shekarun 1950, lokacin da jam'iyyar PPN-RDA ta Jori Hamani da Sawaba ta Jibo Bakari ke takara, samun Sarkin Samari tamkar samun makaɗan gari ne da masu shela da masu cika filin taro. A tsallaken iyaka ma, NEPU ta Malam Aminu Kano ta kafa Rundunar Samarin Sawaba. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1958 da haramta Sawaba a 1959, Nijar ta koma ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, wadda ta kafa nata reshen matasa, samariya kuma ta ja baya.

Fari ne ya dawo da ita. Daga 1968 zuwa 1974 ruwan sama ya yi ta ƙaranci a yankin Sahel, dabbobi suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Saini Kunce ya kifar da gwamnatin Jori, yana zargin ta da yin sama da faɗi da abincin agaji. Ya rushe majalisa, ya hana jam'iyyu. Amma soja ba ya iya isa kowane ƙauye da kansa, kuma Kunce yana son hanyar da za ta kai shi ga talakawa ba tare da ta bi ta hannun 'yan siyasa ba. Sai ya ɗauko samariya, ya mai da ita ƙungiyar ƙasa. Abin da a da na ƙauye ne, aka shimfiɗa shi a kowace unguwa ta birni, har a yankunan Zabarmawa da Barebari da Fulani da Buzaye, aka jera shi hawa-hawa daga ƙauye zuwa Yamai.

An yi aiki, kuma dattawan yau suna iya nuna shi da yatsa. 'Yan samariya sun buga tubali sun gina azuzuwa da ɗakunan shan magani, sun haƙa rijiyoyi, sun noma gonakin haɗin gwiwa, sun share tituna da kasuwanni. Daga 1975 aka mai da ranar 'yancin kai, 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, kuma matasa ne ke ɗaukar dashe da ruwan shayar da shi. Bayan babban taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984, aikin ya ƙara ƙarfi. Garuruwa da unguwanni suka gina gidajen samariya, inda ake taro da rana, a yi atisayen rawa da waƙa da dare.

Abin da ya fi zama a zukatan mutane shi ne wasanni. A 1975 aka buɗe gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya kayar da kowa, kokawar dandali ta zama wasan da ya fi kowanne tara 'yan Nijar. A 1976 aka yi bikin matasa na ƙasa na farko a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi. Kafin ƙungiya ta kai can sai ta yi nasara a matakin gundumarta, sannan na jiharta, a waƙa ko rawa ko wasan kwaikwayo. Yawancin wasannin da Hausa ake yin su, ba rubutaccen zance, 'yan wasa su tsara labari su zuba magana daga ka. Suna taɓo auren dole, da ci-rani, da ma'aikacin da ke cin hanci. A wannan zamani ne Yazi Dogo da abokan wasansa suka zama 'yan gida a kowane gida ta rediyo da talabijin, har wata manazarciya, Janet Beik, ta rubuta littafi kan wasan kwaikwayon Hausa na Nijar a 1987. Yarinya daga Difa ta kwana ɗaki ɗaya da 'yar Doso, ɗan Agadas ya ga Maraɗi karon farko. A ƙasa mai faɗin Nijar, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai wanda ya ba ka riga, shi ke faɗa maka ranar sa ta. Da gwamnati ta tsara abin da ta kira al'ummar raya ƙasa, wanda majalisarsa ta ƙoli ta fara aiki a 1983, samariya da ƙungiyoyin manoma ne ginshiƙansa biyu. Umarni ya koma fitowa daga sama. Shugabancin samari ya riƙa faɗawa hannun masu furfura, 'yan kasuwa da na kusa da sarakuna. Aikin da a da ake yi don goron maƙwabci ya zama wanda ake yi don kada a ce mutum ba ya goyon bayan gwamnati. Aka riƙa jera matasa a rana su tari manyan baƙi da tafi da waƙar yabo, wasu kuma suka zama idon hukuma a unguwa. Malamai da iyaye da dama sun yi ta ƙorafin fitar 'yan mata atisayen dare.

Da kuɗin yuraniyom suka ja baya a farkon shekarun 1980, hidimar ta fara nauyi. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. Magajinsa Ali Saibu ya kafa jam'iyyar MNSD a 1989, ya shigar da tsarin cikinta. Don haka lokacin da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka zauna babban taron ƙasa a 1991, mutane ba su ga samariya a matsayin gadon kakanni ba. Kayan mulkin soja suka ɗauke ta, ta kuwa tafi tare da shi. Gidajenta da yawa suka zama kufai ko aka mai da su wani abu dabam.

Matasa ba su zauna jiran kowa ba. A shekarun 1990, ga rashin aikin gwamnati, ga karyewar darajar sefa da rabi a 1994, sai fada ta ɓulla a bakin tituna: tabarma ko benci, butar shayi a kan gawayi, rediyo, da suna rubuce a jikin bango. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka yaɗa ta ta hanyar gaishe-gaishe. Kowace fada da shugabanta da ma'ajinta da mai dafa shayinta, ana karo-karo don bikin ɗan'uwa ko jinyarsa. Wasu suna share maƙabarta, su yashe kwata kafin damina, su yi sintirin dare. Adeline Masquelier ta yi littafi guda a kansu a 2019, bayan doguwar zama da matasan Dogon Dutsi da Yamai. Inda aka yi watsi da matasa kuwa, abin kan rikiɗe ya zama gungun 'yan daba, kamar waɗanda A'isha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021 kan unguwar Kara-Kara ta Damagaram.

Yau kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma da yawa daga masu shiga firamare ba sa kai wa ƙarshen sakandare. Sa'o'in da suke yi a wajen aji sun fi waɗanda suke yi a ciki nesa ba kusa ba. Waɗanda aka saba gani suna zuwa fada daga waje iri biyu ne: ɗan siyasa da ke kawo shayi da sukari gab da zaɓe, da ma'aikacin ƙungiya da ke kawo lacca da riguna masu tambari. Da wuya a ga magajin gari ya zo ya ce ga gandun itatuwa ku kula da shi, ga famfon unguwa ku riƙe kuɗinsa, ga filin ƙwallo ku tsara gasarsa, ku zaɓi shugabanku da kanku, ku kawo lissafi a ƙarshen shekara. Irin wannan amana ce mai gari ke damƙa wa Sarkin Samari ranar naɗi, ita ce kuma 'yan fada ke ɗora wa kansu duk lokacin da suka fito da shebur da baro ba tare da kowa ya aike su ba.