Layi ɗaya a kwangilar P&ID da ya kusa cin Najeriya dala biliyan 11

1/ Jama'a, bari in ba ku tarihin shari'ar P&ID. Kowa cin hancin yake tunawa. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sashen nan na kwangila da ke faɗin yadda za a yi in an samu saɓani.

2/ A Janairun 2010 Ma'aikatar Man Fetur ta sa hannu da kamfanin P&ID. Gwamnati za ta riƙa ba shi iskar gas tsawon shekara 20, shi kuma ya gina masana'antar tacewa a Kalaba. Gas bai zo ba, ko bulo ɗaya ba a aza ba.

3/ Sashen ya ce in rigima ta tashi, a je gaban masu sasanci uku, a bi dokar sasanci ta Najeriya, amma wurin zama Landan.

4/ Nan fa ake yinta. Najeriya ta ce ai Landan wurin taro ne kawai, ikon sa ido na kotunanmu ne. P&ID ya ce a'a, tunda an rubuta Landan, kotunan Ingila ke da iko. Kalma ɗaya fa!

5/ A 2016 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke hukuncin da ya ɗora wa Najeriya laifi. Masu sasancin suka ce ba huruminta ba ne, suka ci gaba abinsu.

6/ Janairun 2017: a biya dala biliyan 6.6, da ruwan kashi 7 cikin ɗari a shekara. Ku lissafa, sama da dala miliyan ɗaya ke nan kullum. A 2019 kotun Landan ta ce fassarar P&ID ce daidai.

7/ Da ka yarda da Landan, ka yarda da ƙa'idojinta. A can kwana 28 kawai ake ba ka ka ƙalubalanci hukuncin sasanci. Mun makara da shekaru, sai a 2020 aka yi mana uzuri saboda alamun zamba. A ganina, a nan muka tsallake rijiya da baya.

8/ Ranar 23 ga Oktoba 2023, kuɗin sun haura dala biliyan 11, Mai Shari'a Robin Knowles ya yanke cewa da zamba aka samo hukuncin: an ba wata jami'ar ma'aikatar cin hanci, kuma takardun sirri na lauyoyin Najeriya suna hannun P&ID tun ana sasancin.