Ƙidayar Baƙin Hunturu a Fadamar Haɗeja da Nguru

Tun ina yaro nake ganin garken tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna sauka a bakin fadamar Nguru da zarar iskar hunturu ta kaɗo. Baƙi muke ce musu, ba mu san inda suka fito ba. Sai da na shiga jami'a na fahimci cewa da yawansu a arewacin Turai suke ƙyanƙyasa, su ƙetare teku da hamadar Sahara kafin su iso gare mu, kuma akwai mutanen da suka daɗe suna bin sawunsu.

A shekarar 1967 aka fara ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya. Cikin watan Janairu ake yin ta, lokacin da tsuntsayen suka natsu a masaukinsu, gudun kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu. A 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare dausayi a garin Ramsar na Iran. Mu kuwa sai a 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamarmu, kuma a 2000 aka sanya Tafkin Nguru cikin jerin wuraren Ramsar, shi ne na farko a Najeriya.

Kafin nan fadamar ta riga ta fara jin jiki. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun rage ambaliyar da ke shayar da ita kowace damina. Daga baya ciyawar kacala ta toshe magudanan ruwa. Inda ruwa ya daina kaiwa, tsuntsu ya daina sauka, masunci ya rataye komarsa, manomin shinkafa da makiyayi suka fara harare-harare a kan ɗan abin da ya saura.

Bara na bi ayarin masu ƙidaya. Da asuba muka shiga kwalekwale da madubin hangen nesa da littafi, muna ƙirga kirinjijiya da ɗinya da baƙin nan goma-goma, in garke ya yi yawa ɗari-ɗari. Dattijon da ke tuƙa mu ya nuna mini wani fili da kacala ta rufe, ya ce a nan mahaifinsa ya koya masa jefa koma. Na duba littafina, ban rubuta ko tsuntsu ɗaya a wurin ba. Sifilin nan ma shugaban ayarinmu ya ce in rubuta shi, domin da shi masu zuwa bayanmu za su gane shekarar da ruwa ya dawo, in Allah Ya sa ya dawo.