Fada da Ilimin Falaki a Ƙarni na 16: Nazarin Cibiyoyin Santambul da Hven

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta cibiyoyi biyu na nazarin taurari da aka kafa kusan lokaci guda: ta Takiyuddin bin Ma'aruf a Santambul da ta Tycho Brahe a tsibirin Hven, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Denmak. An bi hanyar kwatanta tarihi, aka duba tushen tallafinsu da makomar bayanan da suka tara. Binciken ya gano cewa abin da ya raba makomarsu shi ne tsawon lokacin aiki da hanyar adana sakamako.

1.0 Gabatarwa

A ƙarni na 16, masanan falaki da yawa sun dogara ne da fada. Kayan awo na tagulla da katako suna cin dukiya, sarakuna kuwa suna buƙatar kalanda da duban sa'a. Saboda haka, a Daular Usmaniyya ta Turkiyya da Turai duka, ilimin falaki da duban taurari tafiyarsu ɗaya.

2.0 Cibiyar Santambul

An haifi Takiyuddin a Dimashƙu a 1526, ya zama babban munajjimin fada a 1571. Da goyon bayan Sa'aduddin Efendi, malamin Sultan Murad na Uku, ya shawo kan sarkin cewa jadawalin taurarin Ulug Beg na Samarkanda ya tsufa, yana buƙatar gyara. Aka kammala ginin cibiyar a 1577, inda Takiyuddin ya yi amfani har da agogon inji wajen awon lokaci.

A Nuwamban shekarar, tauraruwa mai wutsiya ta fito. Takiyuddin ya fassara ta da bushara ta nasara kan Farisa. Yaƙin da ya ɓarke a 1578 ya ƙi ƙarewa, ga annoba. A 1579 aka kashe Waziri Sokollu Mehmed Pasha, wanda ke mara wa cibiyar baya, sai Shehul Islam Kadizade, abokin hamayyar Sa'aduddin, ya sami ƙofa. A Janairun 1580 aka rushe cibiyar bisa umarnin sarki.

3.0 Cibiyar Hven

Sarki Frederick na Biyu na Denmak ya ba Tycho tsibirin Hven a 1576. Shi ma ya duba sa'ar 'ya'yan sarki, ya kuma auna waccan tauraruwar, ya nuna tana can nesa bayan wata. A maɗaba'ar da ya kafa a tsibirin aka buga wannan sakamako a 1588. Da sabon sarki, Christian na Huɗu, ya janye tallafi, Tycho ya bar ƙasar a 1597, ya koma ƙarƙashin Sarki Rudolf na Biyu a Firag da kundayen awonsa.

4.0 Sakamakon Bincike

Dukkansu biyu fada ce ta ɗaga su, ita ce kuma ta sake su. Sai dai Takiyuddin bai cika shekara uku yana awo a cibiyarsa ba, alhali Tycho ya shafe kusan ashirin, kuma gyaran jadawalin taurari aiki ne na shekaru masu yawa. Littafin Takiyuddin, Sidratu Muntahal Afkar, ya tsaya a rubutun hannu, domin sai a 1729 maɗaba'ar Ibrahim Muteferrika ta fara fitar da littattafai da haruffan Larabci a Santambul. Bayanan Tycho kuwa sun faɗa hannun masanin falaki Kepler bayan rasuwar Tycho a 1601, daga cikinsu ya fitar da dokokinsa biyu na farko na tafiyar duniyoyi a 1609.

5.0 Kammalawa

Ɗora alhakin rushewar cibiyar Santambul kan addini kaɗai ya taƙaita lamarin, domin hamayyar manyan fada ta taka rawa babba. Wannan kwatanci ya nuna ilimin da ke rataye da yardar mutum guda yana ɗorewa ne in ya sami magaji da hanyar yaɗuwa bayan fada ta juya masa baya.