Ciwon kwatangwalo: a sa wa ƙashi hula ko a canja gaɓar baki ɗaya?

Gaɓar kwatangwalo kamar taɓarya take cikin turmi: kan ƙashin cinya yana juyawa cikin gurbinsa. Idan kan ya lalace har tafiya ta gagara, tiyata iri biyu ake yi.

Ta farko ita ce canja gaɓar baki ɗaya. Likita zai yanke kan ƙashin, ya kafa sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya, ya ɗora mata ƙwallon ƙarfe ko na tangaran, sannan ya dasa ƙoƙo a gurbin. Wani likitan Ingila, John Charnley, ya daidaita wannan hanya a 1962. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 58 cikin 100 na waɗannan gaɓoɓi suna kai shekara 25 suna aiki.

Ta biyu kuwa kamar haƙorin Makka ce. Ba a yanke kan, gyare shi ake yi a kifa masa hular ƙarfe, a sa wa gurbin ƙoƙon ƙarfe. Ƙashi da yawa yana tsira, gaɓar kuma ba ta cika gocewa ba. Ita aka yi wa ɗan wasan tenis Andy Murray a 2019, ya koma fili. Illarta: ƙarfe na gogar ƙarfe, ɓurɓushinsa yana shiga jini, shi ya sa ba a yi wa mai ciwon ƙoda ko macen da ke sa ran haihuwa. Wuyan ƙashin ma kan karye a ƙarƙashin hular. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa daga kasuwa. Galibi dai namiji mai ƙarfin ƙashi, wanda bai tsufa ba, ta fi dacewa da shi.

To a nan gizo ke saƙar ga mutanen Magarya da Dungas. Hula sai da kai mai lafiya. Abubuwan da ke kai matashi ga wannan tiyata a ƙasashenmu kuwa su ne masu cinye kan: amosanin jini, wato emasi, da ke toshe jijiyoyin jini har ƙashin ya mutu ya lotsa, karayar wuyan ƙashi a haɗarin kabu-kabu, wadda ta yi watanni hannun maɗori, sai tarin fuka idan ya sauka a gaɓa. A irin wannan hali canji baki ɗaya ne mafita, duk da ƙuruciyar majinyacin.

Fargabar mutane ita ce zama kan tabarma, tsuguno a bayan gida da zaman tahiya, domin lanƙwasa ƙafa sosai na iya gotar da sabuwar gaɓa, musamman a watannin farko. Akwai ƙoƙo mai motsi biyu da Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Faransa cikin shekarun 1970, wanda ke rage wannan haɗari ƙwarai. Ya kamata majinyaci ya tambayi likitansa a kai.

Matakin farko hoton ƙashi ne, sai ganin likitan ƙashi a babban asibitin ƙasa na Damagaram. Wasu kan wuce Yamai, wasu su tsallaka iyaka zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano. Mai emasi da ya fara jin ciwo a matsematsi yana ɗingishi kada ya jira: kafin kan ya lotsa, akwai ƙaramin aiki na huda ƙashin da kan iya jinkirta babbar tiyatar.