Numfashin Aro

Mai karatu, da za ka tambayi wani dattijo a Kusfa, cikin ganuwar Zazzau, yadda ake gane mutuwa a zamanin kakanninsa, ba zai daɗe yana tunani ba. Numfashi ya tsaya, jiki ya yi sanyi, a rufe wa mamaci ido, kafin rana ta faɗi an kai shi makwancinsa. Ko Likita Mila, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, da waɗanda suka gaje shi a Wusasa bayan ƙaurar mishan a 1929, ba su san wata iyaka da ta wuce wannan ba.

A 1952 al'amarin ya sake. Annobar shan-inna ta auka wa birnin Kofanhagen na ƙasar Denmak, yara suna mutuwa domin ƙirjinsu ya kasa jan iska. Wani likita, Bjørn Ibsen, ya ba da shawara a huda maƙogwaro a tura iska cikin huhu. Ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka riƙa matsa jakar roba da hannu, dare da rana. Daga nan aka sami ɗakin kulawa ta musamman, aka kuma gaji wata tambaya mai nauyi: wanda na'ura ke numfasawa, ba ya ji, ba ya gani, yaushe za a cire masa ita?

Likitoci suka kai tambayar ga Paparoma Pius na 12 a 1957. Ya ce wajibi ne a yi wa majiyyaci jinyar da aka saba, amma ba dole ba ne a ci gaba da abin da ya wuce kima in bege ya ƙare. Ni ba ɗan Katolika ba ne, duk da haka ban ga wanda ya fi shi daidaita zancen ba. A 1986, a birnin Amman, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yarda a cire na'ura idan ƙwararru sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya, ba dawowa. Maƙwabtanmu na Kusfa da mu, ashe, kusa muke tsaye.

Sai dai ka yi hankali, doguwar suma dabam, mutuwar ƙwaƙwalwa dabam. Karen Ann Quinlan ta Amurka ta suma a 1975 tana da shekara 21. Iyayenta suka nemi a cire na'urar, kotun ƙoli ta jihar New Jersey ta amince a 1976. Da aka cire, sai ta ci gaba da numfashi da kanta, ba ta rasu ba sai 1985, ba ta kuwa farfaɗo ba ko sau ɗaya.

Yau tambayar ta iso mu. Wata rana na je duba wani mai bi a asibitin koyarwa da ke Shika, na tarar da wani malami daga Kusfa zaune a baranda, carbi a hannu. Ɗansa ya faɗi a babur, kwana tara ke nan. Ya riga ya sayar da gona. Ya ce mini, "Fasto, in na ce a cire, ni na kashe shi?" Na ce, "Malam, me likitoci suka ce game da ƙwaƙwalwarsa?" Bai tambaye su ba, lissafin kuɗi kawai yake yi, kunya kuma ta hana shi faɗa. A ƙasarmu sau da yawa aljihu ne yake yanke hukuncin, iyali su tafi gida da laifin da ba nasu ba.

Muka shiga tare wurin babban likita, na tsaya a bayansa, ya yi tambayar da bakinsa.