Wa Ya Kayar? Dogayen Ƙwallon Kwando a Ma'aunin Fagen Kokawa

Akwai wata gardama da ba ta tsufa a majalisun Adar, tun daga birnin Tawa har Tebaram da Takanamat. Da a ce Yakuba Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, zai shiga fage da Isaka Isaka na Doso, mai takobi shida, wa zai kai wani ƙasa? Dattawa suna nan kan Kantu da Salma Ɗan Rani, samari kuwa ba su ga wanda ya kamo ƙafar nasu ba. Irin wannan gardama ce ake yi tsakanin masu bin gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wadda ake kira NBA, a kan dogayen da suka mulki gindin kwando zamani bayan zamani. Su can sun fi dogara ga ƙidaya: maki nawa, kofi nawa. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne ƙidaya ba ta raba wannan gardama, kuma tambayoyin ɗan kallon kokawa sun fi kusa da gaskiya: wa ya kayar, a wane fage, da wace doka? In aka auna da wannan mudu, za a tarar da wani ɗan Afirka ta Yamma, wanda labarinsa ya faro daga Sakkwato, zaune a sahun gaba.

Tun da James Naismith ya ƙago wasan a 1891, kwandon yana rataye a tsayin mita 3 da santimita 5, kuma har yau bai gusa ba. Saboda haka dogo yana shiga fili da rinjayen da bai sha wahalar nema ba. Ɗan wasan da ke tsayawa a gindin kwando, wanda Faransawa ke kira pivot, aikinsa uku ne: ya zura ƙwallo daga kusa, ya cafe wadda ta kuskure kwando, ya kaɗe ta abokan karawa kafin ta isa. Babban ɓangare na tarihin dokokin wasan nan labari ne na yadda aka yi ta neman rage wa wannan mutum ƙarfi.

Na farkon da ya tilasta hakan shi ne George Mikan, wani Bature mai tabarau, mai tsawon mita 2 da santimita 8, wanda ya ci wa ƙungiyar Lakers ta Minneapolis kofi biyar tsakanin 1949 da 1954. Tsoronsa ya kai ga cewa ranar 22 ga Nuwamba 1950 ƴan Fort Wayne suka yi ta riƙe ƙwallo suna yawo da ita don kada ta je hannunsa, aka tashi wasa 19 da 18. A 1951 aka ninka faɗin harabar da ke gindin kwando, inda mai kai hari ba ya da izinin tsayawa fiye da daƙiƙa uku, daga mita 1 da santimita 83 zuwa mita 3 da santimita 66, domin a ture shi nesa. A 1954 kuma aka kafa dokar daƙiƙa 24, wadda ta wajabta wa mai riƙe da ƙwallo ya jefa kafin lokacin ya cika.

Wannan doka ta biyu ita ce mabuɗin fahimtar zamanin da ya biyo baya. Wasa ya yi sauri, jifa ya yawaita, kuskure ma ya yawaita, don haka maki da cafe-cafe suka kumbura. A cikin wannan yanayi Wilt Chamberlain, mai mita 2 da santimita 16, ya kafa ƙidayar da har yau ake riƙe baki in an ji ta. Ranar 2 ga Maris 1962 ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa guda, kuma a kakar wasa ta 1961 zuwa 1962 abin da yake ci a kowane wasa ya ɗan haura maki 50. A Nuwamba 1960 ya cafe ƙwallo 55 a dare ɗaya. A 1964 aka sake faɗaɗa harabar zuwa mita 4 da santimita 88. Sai dai mai karatu ya lura: ƙungiyoyi tara ne kacal a gasar a shekarar da ya ci makin ɗari, yau kuwa talatin ne, kuma salon wasan ya sake kama. Wanda ya ɗauko makin 1962 ya ajiye kusa da na yau kamar wanda ya kwatanta kuɗin tiyar gero ta zamanin Diori da ta bana ne, bai tambayi darajar kuɗin ba.

Tambayar ɗan kokawa ita ce ke warware zancen Chamberlain, domin yana da abokin karo na zamaninsa, Bill Russell na Boston. Russell bai kai shi tsawo ba, bai kai shi cin maki ba, amma ya mai da tsaro sana'a: yakan kaɗe ƙwallo zuwa hannun ɗan'uwansa maimakon ya watsar da ita waje, nan take hari ya juya. Ƙungiyoyinsu sun haɗu sau takwas a zagayen neman kofi, ta Russell ta yi rinjaye sau bakwai, ta Chamberlain sau ɗaya, a 1967. Russell ya ɗauki kofi 11 cikin shekara 13, takwas daga ciki a jere, daga 1959 zuwa 1966. Chamberlain ya ƙare da biyu. Magoya bayansa suna cewa Russell ya fi samun abokan wasa na ƙwarai, irin su Bob Cousy da John Havlicek, kuma akwai gaskiya a ciki. Wani abin da ke ƙara nuna raunin ƙidaya shi ne ba a fara rubuta yawan ƙwallon da ɗan wasa ya kaɗe ba sai a kakar 1973 zuwa 1974, bayan su biyun sun bar fili. Aikin da Russell ya fi gwaninta a kai ba ya cikin kundi ko kaɗan.

Bayansu sai Lew Alcindor, mai mita 2 da santimita 18, wanda ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Tun yana jami'ar UCLA, a 1967, hukumar wasannin jami'o'i ta haramta dankara ƙwallo cikin kwando daga sama, hanin da ya ɗore har 1976, kuma jama'a da yawa sun ɗauka don shi aka yi. Hanin ya zama masa gobarar Titi, domin ya ƙara goge wani jifa na gefe, hannu ɗaya miƙe sama kamar ƙugiya, wanda kusan babu mai iya tarewa. Da shi ya yi shekara 20 a gasar, daga 1969 zuwa 1989, ya ɗauki kofi shida, ya zama gwarzon shekara sau shida, ya tara maki 38,387, adadin da ba a wuce ba sai a Fabrairu 2023, a hannun LeBron James. In dogon zamani ne ma'auni, to babu na biyunsa.

Yanzu sai mu dawo kusa da gida. An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a 1963, Bayarabe ne Musulmi. Yana yaro mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, a makarantarsa ta Muslim Teachers College kuma ƙwallon hannu yake yi. A ƙarshen shekarun 1970 makarantar ta je wani bikin wasanni na makarantun horar da malamai na Najeriya a Sakkwato, garin da hanyar Ƙonni da Illela ta haɗa mu da shi. A can wani ɗalibi ya roƙi mai horarwa a bar dogon yaron nan na ƙwallon hannu ya buga musu kwando, aka yarda. A 1980 ya isa jami'ar Houston, a 1984 kuma shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin ƴan wasa na NBA, shekarar da Michael Jordan ya zo na uku.

Ba a sauya wata doka don Hakeem ba, domin abin da ya zo da shi doka ba ta iya kamawa. Dogayen da suka gabace shi da tsawo da ƙarfi da hannu suka yi mulki, shi kuwa da ƙafa. Yakan juya wa mai tsaronsa baya, ya girgiza kafaɗa kamar zai bi dama, ya murɗe ta hagu, ya yi kamar zai jefa, in mutum ya yi tsalle a banza sai ya zura ƙwallo a natse. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kokawa yana ruɗar ƙato da ƙafa kafin ya kama shi ya san wannan dabara. Shi da kansa ya sha danganta ta da ƙwallon ƙafar yarintarsa. A tsaro kuma ya kaɗe ƙwallo 3,830, adadi mafi yawa tun da aka fara rubutawa.

To, wa ya kayar? Zamaninsa ya cika da dogaye, kuma ya bi manyansu ɗaya bayan ɗaya cikin shekara guda da ƴan kwanaki. A Yuni 1994 ƙungiyarsa ta Houston Rockets ta doke New York ta Patrick Ewing a karawa bakwai, ta ɗauki kofi. A shekarar nan shi ne gwarzon gasa, shi ne gwarzon tsaro, shi ne gwarzon wasan ƙarshe. A 1995 watan azumi ya faɗo a Fabrairu, ya yi ta wasa da azumi a baki, aka kuma zaɓe shi gwarzon watan. Da aka zo zagayen kofi ya haɗu da David Robinson na San Antonio, wanda aka ba kambin gwarzon shekarar, ya ci masa maki 35 a kowane wasa bisa matsakaici, Houston ta wuce da ci huɗu da biyu. A wasan ƙarshe ya tarar da Shaquille O'Neal na Orlando, aka yi karawa huɗu, Houston ta cinye duka. Masu suka suna cewa Jordan ya ajiye wasa daga Oktoba 1993 zuwa Maris 1995, kuma O'Neal yana ɗan shekara 23 ne a lokacin. Haka ne. Amma Jordan ya dawo ya shiga zagayen kofin 1995, Orlando ɗin nan ce ta fitar da shi, kuma Jordan ba ɗan gindin kwando ba ne. Tsakanin dogaye, babu wanda Hakeem ya kauce wa.

O'Neal ya girma ya zama Chamberlain na zamaninsa. Da nauyin da ya haura kilo 140, ya karya sandunan kwando biyu a 1993, ya ɗauki kofi uku a jere da Lakers ta Los Angeles daga 2000 zuwa 2002, ya ƙara na huɗu da Miami a 2006. Rauninsa jifan tara ne, wanda da ƙyar yake cin rabi, har masu horarwa suka riƙa sa a yi masa laifi da gangan. A 2001 aka halatta tsaron yanki, wanda ya ba mutum biyu ko uku damar yi wa dogo shinge tun ƙwallo ba ta zo ba. Wannan, haɗe da layin maki uku da aka shata tun 1979, shi ya janye wasa daga gindin kwando zuwa nesa, har aka yi zaton zamanin dogaye ya wuce.

Bai wuce ba, kama ya sake. Nikola Jokić ɗan ƙasar Sabiya, wanda sai a lamba ta 41 aka ɗauke shi a 2014, ya zama gwarzon shekara a 2021 da 2022 da 2024, ya ɗauki kofi da Denver a 2023, kuma ƙarfinsa a rarraba ƙwallo yake, kamar mai rabon fura. Joel Embiid, haifaffen Yawunde a Kamaru, gwarzon 2023, shi ma daga ƙwallon ƙafa da ƙwallon raga ya fito, ya fara kwando yana ɗan shekara 15, ya koyi sana'ar da kallon faifan wasannin Hakeem. Kobe Bryant a 2009 da LeBron James a 2011 sun je har wurinsa ɗaukar darasin aikin ƙafa. Dogon yau, mai juyi da jifan nesa da miƙa ƙwallo, ya fi kama da Hakeem a kan Chamberlain ko O'Neal.

Hukuncin da ya fito daga wannan bita shi ne kowane ma'auni da gwaninsa. In ana zancen tilasta wa masu doka su sauya doka, Mikan da Chamberlain ne. In tsawon zamani ne, Kareem. In kuwa an bi ma'aunin fage, wato ka haɗu da manyan zamaninka ido da ido ka kai su ƙasa, to Russell da Hakeem ne a gaba, Hakeem kuma ya ƙara da barin salon da na baya suka gada. Abin da ba za a taɓa sani ba shi ne yadda za ta kaya in an haɗa su a fili ɗaya, kamar yadda ba za a san ta Kantu da Isaka ba, domin kowannensu dokar zamaninsa da horon zamaninsa ne suka ƙera shi.

Akwai darasin da ya shafe mu a nan. Kokawa tana gano gwanayenta saboda tana da tsani: daga dandalin ƙauye bayan kaka, zuwa zaɓen jiha, zuwa fagen ƙasa inda jihohi takwas ke kawo mutum goma-goma. Hakeem ma tsani ya samu: makaranta mai ƙungiyar ƙwallon hannu, bikin wasannin makarantu, da mai horarwa da ya ce to. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya ya jagoranci Toronto ta ɗauki kofin 2019, ya gane haka, shi ya sa tun 2003 ya kafa shirin Giants of Africa mai shirya wa matasa sansanin horo. Dogayen yara ba su yi ƙaranci a Adar da Azawak ba; duk malamin da ya tsaya gaban aji ya ga waɗanda benci ya yi wa kaɗan. Abin da makarantun karkara da yawa suka rasa shi ne daɓen fili, kwando biyu, da gasar da za ta haɗa ɗalibin Tebaram da na Afala da na Kalfu sau ɗaya a shekara. Wannan bai fi ƙarfin magadan gari da kwamitocin iyayen yara ba.